Taƙaitaccen Tarihin Charles Darwin (1809–1882)

An haifi Charles Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Ya fara karatun likita a Edinburgh, amma ya kasa jure ganin tiyata, sai mahaifinsa ya tura shi Cambridge domin ya zama limamin coci. A shekarar 1831 ya shiga jirgin ruwan Beagle, ya shafe kusan shekara biyar yana nazarin dabbobi da tsirrai da duwatsu.

Bayan dawowarsa ya yanke cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali. Waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ne ke rayuwa, su hayayyafa, su gadar wa zuriyarsu siffofinsu. Da yake ya san ra'ayin zai ci karo da aƙidar cewa kowane jinsi an halicce shi daban, sai ya yi ta tara hujjoji har kimanin shekara ashirin. A 1859 ya wallafa littafinsa kan asalin jinsunan halittu, wanda ya tayar da zazzafar muhawara tsakanin malaman addini da masana kimiyya, muhawarar da har yau ba ta mutu ba.

Ya mutu ranar 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a majami'ar Westminster.