Margaret Dayhoff: Matar da ta fara tattara sinadaran furotin a kundi guda

An haifi Margaret Oakley a birnin Filadelfiya na Amurka ranar 11 ga Maris, 1925. Ta karanta lissafi a Jami'ar New York, sannan ta samu digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadarai daga Jami'ar Columbia a 1948, shekarar da ta auri Edward Dayhoff. Tun a wancan binciken take ɗora lissafinta kan na'urori masu aiki da kati mai huji.

A 1960 ta kama aiki a wata gidauniyar binciken lafiya ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Robert Ledley. A lokacin masana sun fara gano yadda ƙwayoyin amino asid iri 20 ke jeruwa su samar da furotin, amma sakamakon a warwatse yake cikin mujallu, kowa da salon rubutunsa. Dayhoff da abokan aikinta, ciki har da Richard Eck, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka tantance, suka shigar da su kwamfuta. A 1965 suka fitar da kundin farko mai ɗauke da jeri 65.

Tattarawa kaɗai ba ta ishe ta ba. Ta taƙaita sunan kowane amino asid zuwa harafi guda maimakon uku, domin rage wurin da bayanai ke ci a kati, tsarin da har gobe ake amfani da shi. Ta kuma kasa furotin zuwa dangi da manyan dangi bisa kamannin jerinsu, ta yadda idan an samu sabo, za a iya hasashen aikinsa daga 'yan'uwansa. Jadawalinta na PAM, wanda ya shahara a sigarsa ta 1978, ya nuna yawan yadda wani amino asid ke maye gurbin wani a tsawon zamani.

Sai dai aikin na buƙatar kuɗi, kuma masu ba da tallafi da dama sun ɗauke shi a matsayin aikin akawu, ba bincike ba. Hakan ya sa ta riƙa sayar da bayanan don ɗaukar nauyin ma'aikata, abin da bai yi wa wasu masana daɗi ba, domin su suka samar da su. A 1982, da gwamnati ta tashi kafa rumbun GenBank, sai aka bai wa ayarin da ya haɗa da cibiyar Los Alamos kwangilar, aka bar nata.

Ta rasu sakamakon bugun zuciya ranar 5 ga Fabrairu, 1983, tana da shekara 57. A 1984 abokan aikinta suka kafa rumbun PIR a kan kundinta, wanda a 2002 ya haɗu da takwarorinsa na Turai aka samar da UniProt, inda masu binciken magunguna ke neman bayanan furotin kyauta a yau.