Bankart: Likitan da ya gano abin da ke sa kafaɗa ta riƙa gocewa bayan faɗuwar farko

A filayen kokawa, daga Filinge zuwa Damana, ba baƙon abu ba ne a ga matashi ya faɗi a kan hannunsa, ya tashi riƙe da kafaɗa. Akan kira mai ɗori ya ja hannun, ƙashi ya koma gurbinsa, kowa ya ce an gama. Bayan 'yan watanni kuma sai kafaɗar ta sake gocewa, wani lokaci wajen sa riga kawai. Mutumin da ya bayyana wa duniya dalilin haka shi ne Arthur Sydney Blundell Bankart, likitan ƙashi ɗan Ingila, wanda har yau ake kiran raunin da aikin gyara shi da sunansa.

An haifi Bankart a shekarar 1879 a garin Exeter. Mahaifinsa ma likitan tiyata ne. Ya yi karatu a makarantar Rugby da jami'ar Kambirij, sannan ya koyi likitanci a asibitin Guy's da ke Landan, ya kammala a 1906. Cikin 'yan shekaru ya haɗa aiki uku lokaci guda: tiyatar ƙashi a babban asibitin ƙashi na Landan, tiyatar jijiyoyi a asibitin Maida Vale, da tiyatar yara. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki tare da Robert Jones wajen jinyar sojojin da suka ji rauni, daga baya ya zama likitan ƙashi a asibitin Middlesex.

Matsalar da ya tunkara tsohuwa ce. Sama da shekara 2,000 kafin shi, Hifokiratis na ƙasar Girka ya rubuta yadda ake mayar da kafaɗa, da yadda ake ƙona hammata da ƙarfe mai zafi don tabon ya hana ta sake fita. A zamanin Bankart likitoci da dama sun ɗauka cewa jakar da ke lulluɓe da gaɓar ce ta saki, ko tsoka ce ta yi rauni, don haka sukan tsuke jakar ko su sauya wa tsoka wuri, amma sau da yawa ciwon yakan dawo.

Bankart ya duba wani wurin daban. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kuma wani zobe na guringuntsi ne ke kewaye da bakin gurbin yana ƙara masa zurfi. Idan kafaɗa ta goce ta gaba, wanda shi ne ya fi faruwa, zoben yakan ɓalle daga bakin ƙashin tare da jijiyoyin da ke manne da shi. Mayar da ƙashin ba ya nufin zoben ya koma ya manne. Ƙofar da aka ɓalle ran farko ita ce ƙashin ke bi yana fita.

Ya wallafa wannan bayani a 1923 bisa majinyata 4, sannan a 1938 ya kawo rahoton mutum 27 da ya yi wa aiki. Hanyarsa ita ce huda ƙananan ramuka a bakin gurbin, a ɗinke abin da ya ɓalle a mayar da shi mazauninsa. Wani likitan Jamus, Georg Perthes, ya riga shi ambaton raunin tun 1906, amma rubutun Bankart ne ya sa likitoci suka karɓi aikin.

Bai raina masu gyaran gaɓa da hannu ba. A 1932 ya fitar da littafi a kan jan gaɓoɓi da murza su, inda ya nuna inda hakan ke da amfani da inda ba ya yi. Ya ci gaba da tiyata har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu ranar 8 ga Afrilu, 1951.

Binciken da ya biyo bayansa ya nuna cewa shekaru ne suka fi nuna wanda kafaɗarsa za ta sake gocewa. Fiye da rabin matasan da ba su kai 25 ba sukan sake fuskantar matsalar idan mayarwa da rataye hannu kaɗai aka yi musu, kuma kowace gocewa na iya ƙara cinye bakin ƙashin. Shi ya sa a yau likitoci kan tattauna batun tiyata da ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo tun daga gocewar farko, kuma galibi ana yin aikin ta ƙananan huji da kyamara. Manya da waɗanda ba sa wasan ƙarfi kuwa, rataye hannu na 'yan makonni da motsa gaɓa a hannun ƙwararru kan wadatar.

Ga matashin Damana ko ɗan ci-rani da ke aikin ɗaukar kaya, abin yi a bayyane yake. Kada a bar abokai su fizgi hannun, domin gocewa na iya zuwa tare da karaya ko raunin jijiya. A je asibiti a yi hoton ƙashi, a Filinge ko Yamai, kuma ko bayan an mayar da kafaɗar, a nemi likitan ƙashi ya duba ta kafin a koma fili.