Marigayi Alhaji Adamu Halilu, Wanda Ya Mai Da Shaihu Umar Fim

Da wuya a sami wani daga cikinmu, tsofaffin ɗaliban wannan makaranta, wanda ya zauna ajin Hausa bai riƙe littafin Shaihu Umar a hannunsa ba. Malamanmu sun sa mun karanta shi, mun haddace sunayen garuruwan da ke ciki, wasunmu ma sun amsa tambayoyi a kansa a jarrabawa. Marubucin kuwa ko yaro ya san shi, wato Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko. Amma in aka tambaya wa ya ɗauki wannan labari ya mai da shi fim har aka nuna wa baƙin duniya, sai ka ji wuri ya yi tsit. To, mutumin shi ne marigayi Alhaji Adamu Halilu, Allah ya jiƙansa, kuma a nan Kaduna ya fara sana'arsa.

An haifi Adamu Halilu a shekarar 1936 a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ya yi karatun aikin fim a London da kuma birnin Rum na ƙasar Italiya, inda ya koyi rubuta labarin fim da harhaɗa hotuna. A wancan zamani harhaɗawar aikin hannu ce zalla, domin zaren fim ake yankawa a liƙa wani da wani, ba a san kwamfuta ba. Aikinsa na farko a sashen finafinai na Gwamnatin Jihar Arewa ne, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Watsa Labarai a Kaduna.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu, musamman malamai, sun san abin da ake kira majigi. Mota ce takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a tayar da inji, in duhu ya yi a haska. Maza da mata da yara su taru, ba a biyan ko kwabo, wani mutum kuma yana riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Abin da ake nunawa yawanci wa'azin gwamnati ne: tsaftar gida, allurar shanu, yaƙi da jahilci, rangadin Sardauna, da noman zamani. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan shi ne Baban Larai, wanda aka yi don jan hankalin manoma, kuma auduga na cikin abin da gwamnati ta fi matsa wa talaka a kai. Mu da muka tashi a Nasarawa, kusa da masaƙun Kakuri lokacin da suke aiki dare da rana, mun ga inda wannan auduga take ƙarewa.

A wannan makaranta ta majigi Adamu Halilu ya goge. Ya yi finafinan wayar da kai masu yawan gaske, kuma daga cikin waɗanda ake tunawa da shi akwai Mama Learns a Lesson na shekarar 1963, wanda ya shafi lafiyar iyali, sai kuma Child Bride na 1971 a kan aurar da yarinya tun ba ta isa ba. A ganina nan ne ya koyi abin da ya amfane shi daga baya. Mai nuna fim a filin ƙauye ba ya da ƙofar da zai rufe. In labarin bai kama mutane ba, tashi za su yi su tafi gida su kwanta. Dole ya san yadda Bahaushe ke zama, da yadda yake gaisuwa, da abin da ke ba shi dariya, da wanda ke sa shi kunya.

A lokacin kuma gidajen silima na biranenmu, irin su Rex da Palace a Kano, finafinan Indiya da na kaboyin Amurka suke nunawa, kuma yawancin harkar kawo su tana hannun 'yan kasuwa baƙi. Yaro yakan iya rera waƙar Indiya daga farko har ƙarshe, amma bai taɓa ganin mai rawani yana magana da harshensa a babban allo ba, sai dai a majigi ana koya masa wanke hannu.

Shi dai littafin Shaihu Umar ya samo asali ne daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi. A cikinsu duka, na Tafawa Ɓalewa ya fi nauyi a zuciya. Malami ne a Rauta, kusa da Bauci, yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka yi wa mijin uwarsa Makau ƙazafi a fada aka kore shi, yadda aka sace shi kansa yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa, ya ƙetare hamada da shi, ya ba shi ilimi. Ita kuwa uwar ta bi sawun ɗanta, ita ma aka mai da ita baiwa, ba su sadu ba sai a Tarabulus, ta gan shi ke nan ba da jimawa ba ta cika. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay na Jami'ar Ahmadu Bello suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975.

Daga nan Adamu Halilu ya karɓa. A 1976, shekara goma bayan kisan marubucin, ya kammala fim ɗin da kuɗin Gwamnatin Tarayya, mai launi, tsawonsa ya haura awa biyu, kuma da Hausa aka yi shi. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Duk wanda ya san littafin ya san wahalar da ke cikin wannan aiki. Ana bukatar fadar sarki da fadawa, da mahaya, da kasuwar bayi, da ayarin raƙuma cikin rairayi, ga tufafi da kayan ɗaki na zamanin da Turawa ba su zo ba. Daɗin daɗawa, labarin ba na annashuwa ba ne. Yana nuna yadda mutanenmu da kansu suka riƙa kama 'yan'uwansu suna sayarwa, abin da har gobe ba mu cika son a tayar da zancensa ba. Halilu bai kauce wa wannan ba, bai kuma cusa waƙa da rawa don a sami sauƙin kallo ba. Ya bar labarin yana tafiya a hankali, kamar yadda malami ke ba da karatu a zaure.

An nuna fim ɗin da sunan Nijeriya a bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Mutanen Kaduna ba za su manta da wannan biki ba, domin ko da yake Legas ce cibiyarsa, a garinmu aka yi babban hawan daba, har aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙi. Abin takaici shi ne, da biki ya watse, sai aka mai da Shaihu Umar cikin gwangwanayensa aka ajiye. Kayan gwamnati ne, ba ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa balle ya bi gidajen silima yana neman mai da kuɗi. Haka yawancin Hausawan da aka yi fim ɗin dominsu suka yi ta jin labarinsa ba su gan shi ba.

Bayan wannan ya sake ɗaukar wani babban aiki, wato Kanta of Kebbi, tarihin Muhammadu Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame, ya kuma ƙi bin Askiya na Songhai. Shi ma dai bai kai ga jama'a yadda ya kamata ba. Da aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya da dokar 1979, wadda hedkwatarta ke Jos, Adamu Halilu ne aka fara ba shugabancinta. Sai dai zamani bai taimake shi ba. Zaren fim daga waje ake sayo shi, wanke shi ma galibi sai an kai Ingila, don haka da darajar naira ta faɗi daga 1986, yin fim irin na silima ya gagari kusan kowa. Kaset ɗin bidiyo ya maye gurbi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe wani sabon babi wanda ya haifar da abin da yau ake kira Kannywood. Adamu Halilu ya ga farkon wannan kasuwa da idonsa kafin ya rasu a shekarar 2001.

Ya bar duniya ana ɗaukar cewa babban aikinsa ya salwanta. Shekara da shekaru masu bincike suna ambaton Shaihu Umar a rubuce-rubucensu ba tare da sun iya kallonsa ba. Sai a 2016 aka gano ainihin zaren da aka ɗauki fim ɗin a kai, cikin tsofaffin gwangwanaye a rumbun ajiyar Hukumar Finafinai, kuma Didi Cheeka, wani mai shirya fim daga Legas, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin. Wata cibiya ta birnin Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, ta mai da shi irin hoton da kwamfuta ke karantawa, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Berlin a watan Fabrairun 2018. Wato sai da ya shekara 41 bayan FESTAC kafin Jamusawa su zauna cikin sanyi suna sauraron Umaru Ladan yana ba almajirai labari da Hausa.

Tun da fim ɗin ya dawo, ga shawara ga shugabannin ƙungiyarmu. A rubuta wa Hukumar Finafinai a Jos a nemi izini da kwafe, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta ranar taronmu na shekara, a gayyato malamanmu na Hausa da suka yi ritaya a ba su kujerun gaba, ɗaliban yanzu kuma su zauna a bayansu.