Jon Lubok, attajirin da ya yi kiwon tururuwa a ɗakinsa

An haifi Jon Lubok a birnin Landan ran 30 ga Afrilu 1834. Ubansa mai banki ne. Ya girma a ƙasar Kent, kusa da ƙauyen Dawun, inda babban masanin halittu Darwin ya zo ya zauna a 1842. Darwin ya ja yaron a jiki, ya koya masa duban ƙananan halittu da madubin ƙara girma. Bai kai shekara 16 ba aka fid da shi daga lakwal, aka sa shi aiki a bankin ubansa. Sauran iliminsa da kansa ya neme shi.

A 1870 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Ingila. Shi ya kawo dokar 1871 wadda ta ba ma'aikatan banki hutun kwana 4 a shekara, daga baya hutun ya zama na kowa. A 1886 kuma ya sa aka kafa dokar da ta hana a sa yaran kantuna aikin da ya wuce awa 74 a mako.

Amma abin da ya ba jama'a mamaki shi ne kiwon tururuwa. A ƙarƙashin ƙasa ba a ganin zamansu, don haka ya yi dabara. Ya kan ɗauki gilashi biyu masu faɗin kamar santimita 25, ya bar ɗan tsakani, ya cika da ƙasa mai laima, ya zuba tururuwa su gina gidansu. Ya kan rufe gilashin domin suna son duhu, ya kewaye wurin da ruwa kada su gudu. Idan yana son bin sawun guda ɗaya, sai ya ɗiga mata fenti a baya.

Da wannan haƙuri ya gano abubuwa da yawa. Ya raba ƴan gida ɗaya fiye da shekara, da ya haɗa su suka gane juna, amma baƙuwa suka far mata. Ya bugar da waɗansu da barasa: masu lafiya suka kwashe yawancin ƴan uwansu zuwa gida, suka jefa baƙi cikin ruwa. Ya kuma nuna cewa tururuwa na ganin wani haske da ke bayan shuɗi, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, don suna kwashe ƴaƴansu daga inda ya sauka.

A da, ana zaton tururuwa ba ta daɗewa a duniya. Sarauniyar da ya kama a Disamba 1874 ta zauna hannunsa har Agusta 1888, wato kusan shekara 14. Ya tattara bincikensa cikin littafi a kan tururuwa, zuma da zanzaro a 1882.

A 1900 aka ba shi sarautar Ebiri. Ya rasu ran 28 ga Mayu 1913, yana da shekara 79. Gidajen gilashi da masu sha'awar kiwon tururuwa ke amfani da su a yau, daga irin dabararsa suka samo tushe. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa. Lubok bai raina ƙaramar halitta ba, bai raina ƙaramin ma'aikaci ba.