Shehu Abubakar Mahmud Gumi: Ɗan Gummi Da Ya Mai Da Akwatin Rediyo Makaranta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in yi magana a kan wani maƙwabcinmu, mutumin Gummi, wanda galibin mutanen ƙasar Anka ba su taɓa sa shi a ido ba, amma sun san muryarsa kamar ta limamin unguwarsu. Na san a cikin 'yan wannan ƙungiya akwai masu ƙaunarsa, akwai kuma waɗanda har gobe ba su yarda da shi ba. Duka 'yan'uwana ne, kuma ina roƙon kowa ya karanta har ƙarshe.

An haifi Malam Abubakar a Gummi, kimanin shekaru ashirin bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa Malam Mahmud alƙali ne, kuma a gabansa ya fara karatun allo da na littattafan fiƙihu. Daga nan aka sa shi elementare a Dogondaji, inda aka naɗa shi Hakimin Salla na makaranta, sa'an nan ya wuce Midil ta Sakkwato, wadda Alhaji Shehu Shagari ma ya yi a wannan zamani. Ya yi makarantar koyon shari'a ta Kano, ya gama a 1947. Bayan ɗan zama a Sakkwato sai aka tura shi koyarwa Maru, inda ya haɗu da Malam Aminu Kano. A Maru ne halinsa ya fara bayyana: ya yi jayayya da limamin gari a kan yin taimama alhali ga ruwa, maganar ta yi tsawo har ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Saurayi ne a lokacin, kuma bai janye ba.

Ya je ƙarin ilimi Baktar-Ruda a ƙasar Sudan a 1954. Ilimin Larabcinsa ya haɗa shi da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wajen aikin Hajji. Ya yi aikin kula da alhazai a Jidda, ya zama mataimakin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1960, ya hau kujerar kanta a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam da hannunsa a ciki.

A wannan shekara ta 1962 ce kuma gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Ya kamata yaran yau su fahimci abin da wannan yake nufi ga mutumin karkara. Kafin lokacin, abin da aka fi sani da rediyo a manyan birane akwati ne da ake jawo masa waya, kuma wayar ba ta taɓa zuwa Bagega ko Wuya ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana isowa ne bayan labarinta ya kwana biyu, ta tarar da masu iya karanta ta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da damina kuwa, in Gulbin Zamfara ya kawo, sai gari ya yanke da gari. Rediyon Kaduna ya tsallake duk wannan. Yana watsa shirye-shirye a gajeren zango, mita 49, wanda ke ratsa daji da gulbi, ga ƙananan akwatuna masu aiki da batir sun fara shigowa kasuwa, manomi na iya sayar da gyaɗa ko auduga ya sayi nasa.

Bayan kashe Sardauna a Janairun 1966, Malam ya rasa babban majinginarsa. Wani zai ce tasirinsa ya ƙare ke nan. Sai ga shi daga wajen 1967 an fara sa tafsirin da yake yi da azumi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna a rediyo, daga baya aka ƙara da karatun hadisi da fiƙihu. Mai jan baƙi ya karanta aya, Malam ya fassara da Hausa sassauƙa, a hankali, ba waƙe ba kirari.

Ina yaro na ga yadda abin yake. Akan ɗora akwatin a kan turmi a tsakar gida bayan an sha ruwa, a ja eriya, a yi ta murɗa shi har hayaniya ta lafa. Maza suna zaure, mata suna cikin gida, amma murya ɗaya suke ji. A ganina nan ne babban aikin yake. A da, ilimin littafi yana zaure ne, wurin maza, kuma matar kulle sai abin da mijinta ya ga dama ya ɗauko mata, in ma ya sani. Rana ɗaya sai ga hukuncin gado da na sadaki da haƙƙin mace a kan miji suna shigowa har bakin murhu. Na san tsofaffin da ba su san bihim ba, amma suna iya gyara wa ɗansu alwala, su ce a rediyo suka ji.

Malam ya riƙa nanata cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar namiji, bai kuma ɗauki boko a matsayin abin gudu ba, tun da shi kansa ɗan Midil ne. Ya kwaɗaitar da mata su yi rajista su jefa ƙuri'a bayan an ba matan Arewa wannan dama a shekarun 1970. Mu malaman firamare mun ci moriyar wannan. Lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a gona. A shekarun da na yi ina yawon ɗaukar yara, na sha tarar da uban da ya ƙi sauraron jami'in ilimi, amma ya saki 'yarsa domin ya ji malami daga Kaduna ya ce ba laifi. Makarantun Islamiyya na dare na matan aure da muke gani yau, wani ɓangare na asalinsu yana nan. Kuma wanda ya sayi batir don tafsiri ba ya kashe akwati da an shafa fatiha; yakan zarce ya ji labaru, da Jakar Magori, da shirin manoma mai bayanin taki da irin shuka.

Amma ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki ayyukan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, sukar kuma ta biyo shi cikin rediyo. A 1978 almajirinsa Malam Isma'ila Idris ya jagoranci kafa ƙungiyar Izala a Jos. Muhawarar da a da malamai ke yi a tsakaninsu da Larabci ta faɗo hannun kowa da kowa. Mun ga masallaci ɗaya ya koma biyu, ɗa ya daina bin ubansa salla, an fasa aure a kan wannan. Gidan rediyon ma sai da ya raba lokaci, ya ba malaman ɗariƙa nasu fili, wanda a cikinsa tafsirin Shehu Dahiru Usman Bauchi ya shahara. Ni dai ina ganin zafin ya wuce kima a ɓangarorin biyu, kuma ƙananan garuruwa irin namu, inda kowa dangin kowa ne, su suka fi jin jiki. Sai dai ko masu adawa da shi sun koma ga littafi domin su ba shi amsa, suka buɗe nasu makarantun.

Ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ya rubuta tafsirin Raddul Azhan da Larabci, aka ba shi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci a 1987. Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka kawo shi Kaduna aka yi masa sutura. Bai ga kafuwar Jihar Zamfara ba, domin sai a 1996 aka yi ta. Karatunsa da aka naɗa a kaset ya koma cikin wayoyin hannu, kuma da azumi har yanzu nakan ji muryarsa tana fitowa daga rumfar wani tela a kasuwar Anka. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu baki ɗaya.