WALIYYI NIKOLAS NA MIRA, BISHOP MAI RUFIN ASIRIN MATALAUTA

Kowace ranar 6 ga Disamba, a cikin makonnin da muke shirin haihuwar Ubangijinmu, Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Nikolas, Bishop na Mira. Yaranmu sun san tsohon nan mai farin gemu da jar riga wanda ake zanawa a katunan Kirsimeti, amma ba kowa ya san cewa asalinsa makiyayi ne na jama'ar Allah ba. Ya kamata mu san tarihinsa, gama irin kyautar da ya yi ta sha bamban da wadda ake yi da sunansa a yau.

An haifi Nikolas wajen shekara ta 270 a Batara, wani birni na bakin teku a lardin Likiya, a kudancin ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya. Bishara ta daɗe da isa wannan yanki. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa Manzo Bulus ya sake jirgi a Batara a kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, ya kuma sake wani a Mira sa'ad da ake kai shi Roma a ɗaure. Bisa ga labarin da Ikilisiya ta gāda, iyayen Nikolas Kirista ne masu dukiya, annoba kuwa ta ɗauke su yana saurayi, suka bar masa gādo mai yawa.

Abin da ya yi da wannan gādo shi ne ya sa ba a manta da sunansa ba. Akwai wani mutum a garin wanda dā yana da hali, amma ya karye, yana kuma da 'ya'ya mata uku da suka isa aure. A al'adar ƙasar, uban amarya ne yake haɗa ta da dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, wadda ba ta da shi kuwa ba mai nemanta. Duk uban da ya taɓa kwana yana lissafin kayan ɗakin 'yarsa ya san nauyin wannan abu. Talauci ya matsa wa mutumin har ya yanke shawarar barin 'ya'yansa su shiga karuwanci domin a sami abin sawa a baki.

Da Nikolas ya ji, bai kira mutumin gaban jama'a ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Ya jira dare ya raba, ya ƙulle zinariya a cikin ƙyalle, ya jefa ta taga, ya tafi abinsa. Da ita aka aurar da babbar. Ya sake yin haka domin ta biyu. A karo na uku uban ya yi tsaro, ya bi shi da gudu har ya cim masa, ya faɗi a gabansa yana godiya. Nikolas ya tashe shi, ya roƙe shi ya gode wa Allah kaɗai, kada kuma ya faɗa wa kowa.

Mu lura da abu biyu a nan. Na fari, bai ba da abin marmari ga wanda ya ƙoshi ba. Ya nemi inda rai yake gab da hallaka, ya sa dukiyarsa a wurin. Na biyu, ya ceci 'yan matan tare da kiyaye mutuncin ubansu, domin gari bai san cewa da sadaka aka yi auren ba. Wannan ita ce koyarwar Ubangiji a cikin Matiyu sura 6, cewa a asirce ake yin sadaka, Uba mai ganin abin ɓoye kuwa shi ne mai sakamako.

Daga baya aka zaɓe shi Bishop na Mira. A shekara ta 303 Sarki Diyokletiyan ya tayar da tsanani mai zafi a kan Kirista a daular Roma: aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai masu tsarki, aka kama shugabanni. An ruwaito cewa Nikolas yana cikin waɗanda aka jefa kurkuku, har ya fito bayan da Sarki Konstantin ya ba Kirista 'yancin sujada a shekara ta 313. Akwai kuma tsofaffin jerin sunaye da suka lissafta shi cikin bishop-bishop da suka hallara a taron Nikiya a shekara ta 325, inda aka tabbatar da allahntakar Yesu Kristi.

Matsayin bishop bai sāke halinsa ba. An ce a wata shekara ta yunwa, jiragen alkama daga Iskandariya ta Masar suka tsaya a tashar Mira. Nikolas ya sauka bakin ruwa da kansa, ya roƙi matuƙan su rage wa jama'arsa wani abu. Suka ji tsoro, gama hatsin sarki ne kuma an auna shi, amma suka yarda. Labarin ya ce da suka isa inda za su, ba a sami ragi a ma'auni ba, mutanen Mira kuwa suka ci har suka sami iri. An kuma ce wani gwamna ya karɓi hanci ya yanke wa mutum uku marasa laifi hukuncin kisa. Bishop ya ruga wurin, ya riƙe takobin hauni, ya tsawata wa gwamnan fuska da fuska. Mai ɓoye kansa wajen kyauta bai ɓoye kansa wajen gaskiya ba.

Ya rasu ranar 6 ga Disamba, wajen shekara ta 343, aka binne shi a Mira. A shekara ta 1087 waɗansu matuƙan jirgi suka kwashe ƙasusuwansa zuwa Bari a ƙasar Italiya, inda aka gina masa babbar majami'a. Har wa yau Katolika da Otodoks suna kai ziyara can. Ana riƙonsa majiɓincin yara, da matafiya a teku, da 'yan matan da ba su da gata.

Saboda tunawa da shi, Kiristan Turai suka saba ba yara 'yan kyaututtuka a daren idinsa. Tun daga ƙarni na 16 waɗansu ƙasashe suka mayar da al'adar zuwa Kirsimeti. Sunan da mutanen Holan suke kiransa da shi ya haye zuwa Amurka, a can ne a ƙarni na 19 ya rikiɗe ya zama tsohon nan mai buhun kaya. 'Yan kasuwa suka rungume shi, aka riƙe buhun, aka manta da matalautan.

'Yan'uwa cikin Kristi, ɗinka wa yara sabon kaya da dafa shinkafar Kirsimeti ba zunubi ba ne. Amma iyalin da suka zauna tun farkon Disamba suka yarda su rage sayen kyaututtuka tsakaninsu, domin su yi wa wani hidima, sun koma ga tushen al'adar. Ana iya biyan kuɗin makarantar maraya na watan Janairu ta hannun Fada ko katekis, ba tare da an ambaci suna ba. Ana iya cika wa wata yarinya kayan ɗakinta. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi: samari su gyara jinkar gwauruwa, su taya tsoho sussukar dawa, 'yan mata su ɗebo wa marar lafiya ruwa, iyaye su kai ziyara asibiti ko kurkuku. Kada a tambayi mabukaci addininsa, kada kuma a ɗauki hotonsa.

Mai yiwuwa yara su ɓata rai da farko. A ba su labarin 'yan matan Batara, a tafi da su wurin hidimar, su miƙa da hannunsu. Sabuwar riga takan tsufa kafin Ista, amma yaron da ya koyi rufin asirin wani zai riƙe wannan har tsufansa.

Waliyyi Nikolas, ka yi addu'a dominmu.