Tabib, Baturen da ke karatun duwatsu

Yara, a farkon shekarar 1851 wani baƙo ya sauka Maraɗi, nan kusa da mu. Tsohon gari ake nufi, wanda ke cikin kwarin Gulbi kafin ambaliyar 1945 ta sa a tashe shi. Baƙon Bature ne, saurayi ɗan shekara 28. Sunansa Adolf Overweg, amma abokan tafiyarsa Larabawa suna ce masa Tabib, wato likita. Mu ma haka za mu kira shi, don ya fi sauƙin faɗi.

An haifi Tabib a birnin Hambur na ƙasar Jamus a 1822. Ya yi karatu a jami'o'in Bon da Balin. Ilimin da ya koya shi ne na duwatsu da ƙasa. Mai wannan ilimi in ya ɗauki dutse ya fasa da guduma, zai iya gaya maka ko wuta ce ta haife shi ko ruwa.

Gwamnatin Ingila ta shirya aika mutane su ƙetare hamada, su nemi hanyar ciniki da sarakunan ƙasashenmu. Shugaban tafiyar James Richardson ne. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Tabib da Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Suka tashi daga Tarabulus, a bakin teku, cikin watan Maris na 1850. A cikin kayansu har da jirgin ruwa, an yanka shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma. Ku dubi wannan abu, jirgin ruwa a tsakiyar rairayi!

A hanya sun ratsa wani fili mai suna Hamada al-Hamra. Ba ruwa, ba inuwa, sai tsakuwa iyakar ganinka. Kowa na sauri a fita, shi kuwa Tabib kansa na duƙe yana tsince-tsince. Me yake tsinta? Ƙumba da katantanwa irin na teku, waɗanda suka daɗe har suka zama dutse. Wannan ya nuna cewa inda raƙuma ke tafiya yau, a zamanin da can teku ne ya rufe shi, miliyoyin shekaru kafin a yi mutum. Ya aika da waɗannan duwatsu Balin. Masana suka duba, har suka sa wa wata irin ƙumba sunansa.

Kusa da garin Gat akwai wani dutse mai suna Idinen. Buzaye suna cewa fadar aljannu ce, sun kuma gargaɗe su kada su hau. Ba su ji ba. Tabib ya komo zango lafiya, amma Abdulkarim ya ɓata. Ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga jijiyarsa ya sha jininsa. Sai washegari wani Buzu ya bi sawu ya tsinto shi.

Daga nan suka shigo Abzin. Ƴan fashi suka tare su, suka raba su da dukiya mai yawa. Suka zauna a Tintellust, wajen shugaban Kel Ewe mai suna Annur. Abzin kuwa makaranta ce ga mai son duwatsu. Manyan duwatsunta, irin su Bagzan, narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru wajen miliyan 400 da suka wuce. Iska da ruwa suka yi ta cin abin da ya rufe su har suka fito fili. A tsakaninsu kuma akwai ƙananan tuddai baƙaƙe masu kama da malfa. Waɗannan duwatsu ne masu aman wuta, sun mutu, amma yara ne in an gwada su da Bagzan.

Suka biyo ayarin gishiri zuwa kudu. A Damargu suka rabu da Richardson, wanda ya nufi Damagaram. Bai kai Kukawa ba ya rasu, a watan Maris na 1851. Wajen Tasawa kuma Abdulkarim ya yi Katsina da Kano, Tabib ya yo yamma, Maraɗi da Gobir. An karɓe shi da kyau. Bayan ƴan makonni ya bi ta Damagaram, ya iske abokinsa a Kukawa, birnin Shehu Umar na Barno, cikin watan Mayu.

A can aka harhaɗa jirgin nan. Daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta Tabib ya yi ta yawo cikin tabkin Cadi, yana auna zurfin ruwa, yana sauka tsibiran Buduma. Shi ne Bature na farko da ya yi haka. Mu da ke bakin tabkin Madarumfa, namu ɗan kududdufi ne kusa da wancan.

Amma Tabib yana da wani hali da ya ɓata masa aiki. Abdulkarim kullum sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani da kyau. Shi kuwa Tabib sai ya ɗan ja layi biyu da fensir a guntun takarda, yana cewa a ransa zai gyara daga baya. Ni a ganina wannan ita ce babbar hasara a tafiyar, domin mu ta fi shafa. Shi kaɗai ne a cikinsu ya ga Maraɗi da Gobir na wancan zamani da idonsa.

A damanar 1852 masassara ta kama shi. Wata rana ya shiga ruwa yana harbin tsuntsaye, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi, ciwon ya tsananta. Ya roƙa a kai shi ƙauyen Maduwari a bakin tabki, inda jirginsa yake. Can ya rasu ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30, can kuma aka binne shi. Da aka kai takardunsa Turai, da yawa daga cikinsu ba su karantu ba.